Guguwar Rana da Rediyon Sha'awa: Abin da Eriya ke Kamawa a Legas da Dalilinsa

Ranar 3 ga Oktoba 2024, da ƙarfe 1:18 na rana agogon Najeriya, rana ta yi walƙiya mai girman X9.0, wadda ta fi kowace girma a shekarar. Afirka da Tekun Atlantika suka fi shan ta, domin a nan rana take tsaka a lokacin. Gajeren zango ya ɗauke na ɗan lokaci, daga tashoshin 'yan rediyon sha'awa, masu magana da juna ta rediyo don sha'awa kawai, har zuwa na ƙetare da 'yan kasuwa ke kamawa a Agege da Alaba Rago. Bayan mako guda, ranar 10 ga watan, aka yi guguwar maganaɗisu mai matsayin G4 a ma'aunin da ya tsaya a G5, mutanen Turai da Amurka suka cika intanet da hotunan hasken aurora, wato hasken launi-launi da ke bayyana a sararin sama da dare. Jama'a sukan haɗa abubuwan nan biyu su kira su guguwar rana. Ga ɗan rediyon Najeriya mai lambar kira da ta fara da 5N kuwa, wanda eriyarsa ke kan rufin bene a Legas, na farko ne ke rufe masa hanya. Na biyun sau da yawa wata ƙofar yake buɗe masa, in ya san inda zai juya.

Matsalar ita ce yawancin shawarwarin da ke yawo an rubuta su ne don mutanen da ke zaune sama da digiri 45 arewa. Su in ma'aunin Kp, mai nuna ƙarfin guguwar maganaɗisu daga 0 zuwa 9, ya kai 6 ko 7 sai su kashe gajeren zango su juya eriyar zangon mita 2, wato megahaz 144, ta fuskanci arewa. Legas tana digiri 6 da rabi ne daga tsakiyar duniya, a murabba'in JJ16 na taswirar 'yan rediyo, kuma sararin da ke kanta dokarsa daban.

Abu uku ke fitowa daga rana, kowanne da saurinsa. Na farko walƙiya ce mai ɗauke da hasken X, wadda ke isowa cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, wato ganinta da isowarta lokaci guda ne, babu gargaɗi. Ana jera girmanta da haruffa A, B, C, M, X, kowane harafi ninki goma ne na wanda ya gabace shi. Hukumar NOAA ta Amurka, a ma'auninta na katsewar rediyo, tana kiran M1 da R1, M5 da R2, X1 da R3, X10 da R4. Na biyu ƙwayoyin furoton ne masu gudu, da ke isowa cikin mintuna ko 'yan sa'o'i, su bi layukan maganaɗisu su zuba a doron duniya na arewa da na kudu, wato ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, su toshe hanyoyin da ke ratsa can har na kwanaki. Na uku shi ne dunƙulen iskar rana da ke ɓallewa, wanda ake kira CME, mai ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku a hanya. Shi ke kawo guguwar maganaɗisu da aurora. Wanda ya haddasa guguwar Carrington a watan Satumba 1859 ya iso cikin ƙasa da awa 18.

Walƙiyar ce ta fi shafar mu, saboda inda rana take tsaye a kanmu kusan duk shekara. Siginar gajeren zango tana zuwa nesa ne ta hanyar lanƙwasowa daga shimfiɗar F ta ayonosfiya, ɓangaren sararin sama mai cike da elektiron, kimanin kilomita 250 zuwa 400 a sama. Kafin ta kai can dole ta ratsa shimfiɗar D, wadda ke tsakanin kilomita 60 da 90, ta sake ratsa ta wajen saukowa. Iskar D tana da kauri, don haka duk elektiron da sigina ta girgiza sai ya yi karo da wata ƙwayar iska, ƙarfin ya zama zafi ya salwanta. Hasken X yana ninka yawan elektiron ɗin nan cikin mintuna. Asarar kuma tana raguwa ne daidai da murabba'in yawan megahaz ɗin sigina: abin da megahaz 7 za ta rasa ya kai kusan ninki 16 na abin da megahaz 28 za ta rasa, in aka auna da desibel. Shi ya sa mita 40 (megahaz 7) take fara mutuwa, mita 20 (megahaz 14) ta bi ta, mita 10 (megahaz 28) kuwa wani lokaci raunana kawai take yi. Wajen farfaɗowa sai a juya jerin, na sama su fara dawowa. Walƙiyar M takan wuce cikin minti 15 zuwa 30, babbar X takan ci awa guda ko biyu. Da dare babu ruwanka da ita, sai dai in hanyar siginarka ta bi ta ɓangaren da rana take.

Sababbin shiga sukan ɗauka na'urarsu ce ta lalace, har su hau rufi suna kwance eriya a banza. Akwai hanyar bambancewa cikin minti biyu. Duba ma'aunin SWR, mai nuna yawan ƙarfin da ke dawowa daga eriya: in yana inda yake jiya, eriya da wayarta lafiya suke. Saurari shuu ɗin da ke bayan sigina: walƙiya tana haɗiye har ƙarar tsawa mai zuwa daga nesa, sai zangon ya yi tsit fiye da yadda aka saba. A farkon wasu walƙiyoyin kuma akan ji ƙara tana tashi tana sauka kamar igiyar teku a megahaz 21 zuwa 50, wannan muryar ranar ce da kanta. Sai dai a Legas wannan gwaji yana da cikas, domin hayaniyar unguwa ba ta zuwa daga sama. Inbata, na'urar cajin sola, ƙwan LED mai arha, janareta, cajar waya, duk suna zuba ƙara kai tsaye cikin eriya, kuma walƙiya ba ta rage su ko kaɗan. Wanda allurarsa ta auna ƙarfin sigina ke tsaye a S7 ko S8 dare da rana ba zai taɓa jin shirun nan ba. Maganin farko shi ne a ɗora rediyo a kan batir mai bolt 12, a kashe wutar gidan gaba ɗaya, a ga ko allura ta sauka, sannan a riƙa kunna layi ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Na biyu, a naɗa wayar kowaks, wadda ke haɗa rediyo da eriya, sau 10 zuwa 12 a zoben ferait irin FT240-31 daidai inda ta haɗu da eriya, don kada bayan wayar ya zama eriya ta biyu mai kwaso sharar gida. Kowane mataki ɗaya na S desibel 6 ne, wato ninki huɗu na ƙarfi. Wanda ya sauke hayaniyarsa da mataki biyu ya fi wanda ya sayi amfilifaya riba.

Yanzu aurora kanta. Idan CME ya iso da maganaɗisunsa yana kallon kudu, abin da ake rubutawa Bz da alamar ragi, sai ya sarƙu da na duniya ya zuba ƙarfi a ciki. Taurarin ɗan'adam da ke nisan kilomita miliyan 1.5 tsakaninmu da rana su ke auna shi, suna ba da gargaɗin minti 15 zuwa 60. In Bz ya zauna ƙasa da −10 nanotesla na wasu sa'o'i, guguwa ta tabbata. Ƙwayoyin da ke zuba kusa da doron duniya suna jera elektiron ɗin shimfiɗar E, a tsayin kilomita 100 zuwa 120, su zama kamar labule mai bin layin maganaɗisu. 'Yan rediyon Sikotland, Suwidin, Finland da Kanada suna jefa siginar megahaz 50 da 144 kan labulen ta dawo. Dukkan tashoshin biyu arewa suke fuskanta, ba sa fuskantar juna. Da yake labulen motsi yake da gudu, sautin yakan tarwatse: Mos, wato saƙon gajere da dogon sauti, ya koma huci maimakon fito, muryar mutum a SSB, tsarin da suke aika murya da shi, ta zama raɗa mai kaushi. Don haka suke ba da rahoto 57A ko 59A, harafin A ya maye gurbin lambar tsabtar sauti. FT8, tsarin aika saƙo ta kwamfuta, ba ta cika aiki a nan ba, domin tazarar sautukanta haz 6.25 ce kacal, tarwatsewar kuwa a mita 2 takan kai ɗaruruwan haz.

Wannan hanya a rufe take ga Legas, kuma lissafi ne ya rufe ta. Abin da ke tsayin kilomita 110 ba a hango shi daga nisan da ya wuce kilomita 1,200 ko makamancin haka, saboda lanƙwasar duniya, shi ya sa zance ta aurora ba ya wuce kimanin kilomita 2,000 zuwa 2,200. Sannan dole sigina ta bugi layin maganaɗisu kusan a gicciye. Ko a guguwar 10 da 11 ga Mayu 2024, wadda ta kai G5 karo na farko tun Oktoba 2003, hasken da aka gani a tsibiran Kanari da kudancin Afirka ta Kudu yana da nisan dubban kilomita daga nan. Duk wanda ya ce ya yi zance ta aurora daga Ikeja, wani abin ya ji.

Abin da ya ji kuwa yana da suna, kuma namu ne. Layin tsakiya na maganaɗisu, inda allurar maganaɗisu take kwance ba ta karkata sama ko ƙasa ba, yana ratsa arewacin Najeriya, Legas tana 'yan digiri kudu da shi. A kan layin akwai wata igiyar lantarki da ke gudana gabas da rana a tsayin kilomita 105 zuwa 110, wadda Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna wajen bincikenta tun yana Jami'ar Ibadan. Ƙarfin lantarkin da ke tura ta shi ne kuma ke ɗaga elektiron ɗin shimfiɗar F sama kamar maɓuɓɓuga, su gangaro ta layukan maganaɗisu su taru wuri biyu, kimanin digiri 15 arewa da kudu da layin. A yankinmu tudu ɗaya yana kan hamadar Sahara, ɗayan yana kan teku kudu da mu. Babu inda ayonosfiya ta kai irin waɗannan tudun kauri a duniya. Daf da faɗuwar rana, wajen ƙarfe 6:30 zuwa 7 a Legas, turin yakan ƙaru ba zato. Ƙasan shimfiɗar F ya tashi, ya rasa gindin zama, sai kumfa marasa elektiron su huda ta su yi sama. Daga bayan magariba zuwa tsakar dare sigina mai ratsa kumfan nan takan riƙa rawa da sauri, murya ta yi kamar ana magana ta bayan fanka. Abin ya fi yawa a Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, kuma yana faruwa ko Kp yana 1. Masu sauraron tashoshin da ake watsowa daga tsibirin Ascension sun san wannan rawa tun kafin su san sunanta.

Kumfan nan ne ke ba mutanen Italiya, Girka da Saifurus damar yin magana da Namibiya da Afirka ta Kudu a megahaz 144 da dare, nisan kilomita 6,000 zuwa sama, domin sigina tana bin su kamar bututu. Sharaɗin shi ne tashoshin biyu su kasance nesa da layin tsakiya kusan daidai wa daida. Mu a ƙarƙashin gadar muke, siginar ta kanmu take wucewa. Rabonmu yana megahaz 21, 24, 28 da 50.

To me guguwa ke yi wa wannan tsari? Abu biyu, masu karo da juna, kuma agogo ne ke raba gardama. A sa'o'in farko, ƙarfin lantarki daga doron duniya yana kutsowa har tsakiya nan take. In hakan ya dace da yini ko magaribar Legas, sai ya ƙara wa maɓuɓɓugar ƙarfi, tudun biyu su ƙara kauri su matsa nesa, mitar da ke iya lanƙwasowa ta haura, mita 10 da mita 6 (megahaz 50) su buɗe fiye da kullum, kumfa kuma su yi tsanani bayan magariba. Bayan wasu sa'o'i, zafin da aka zuba a doron duniya yana taso da iska mai kaɗowa zuwa tsakiya, ita kuma ta haifar da ƙarfin lantarki mai juya baya. Wannan yakan danne kumfan magaribar washegari, dare ya yi sumul babu rawa, wani lokaci kuma ya tayar da su bayan tsakar dare. A ƙasashen Turai ta arewa kuwa iskar tana canza haɗin sararin sama, naitirojin ya yi yawa, elektiron su ragu, mitar da ke lanƙwasowa ta faɗi na kwana ɗaya zuwa uku. Saboda haka lambar Kp kaɗai ba ta gaya wa mai Legas komai sai an haɗa ta da lokacin da guguwar ta fara. Ita Kp ɗin ma daga tashoshi 13 ake haɗa ta, babu ko ɗaya a Afirka, kuma duk awa 3 ake fitar da ita. Ma'aunin Dst da ake lissafawa a Kyoto ya fi kusa da mu, domin tashoshinsa huɗu sun fi na Kp kusa da tsakiya, ɗaya tana Hermanus ta Afirka ta Kudu. A Mayu 2024 ya sauka ƙasa da −400, a Maris 1989, lokacin da wutar Quebec ta ɗauke na awa 9, ya kai −589.

A nan ne taswira take da amfani. Hanyar Alaska daga Legas tana kan digiri 347 in aka ƙirga daga arewa ana bin hannun agogo, kuma tana haurawa har kusan digiri 77 arewa, cikin tsakiyar zoben aurora. Ita ke fara mutuwa, ita ke ƙarshen dawowa, kuma furoton kaɗai sun isa su rufe ta ko babu guguwa. Kalifoniya tana kan digiri 316, hanyar tana kaiwa digiri 46, amma a kan Arewacin Amurka zoben yana saukowa kudu sosai, don haka da Kp ya kai 6 sai ta fara rawa ta ɓace. Japan tana kan digiri 41, hanyar tana kaiwa digiri 49 a kan Asiya, inda zoben yake nesa, sai ta fi jurewa. Landan tana arewa sak, kilomita 5,000, tsalle biyu ke nan na sigina tsakanin ƙasa da sama, kuma na biyun yana lanƙwasowa ne a sararin Sifen, inda ragin elektiron kan iya kaiwa. Madrid da Rum kuwa kilomita 3,800 zuwa 4,000 ne, iyakar tsalle ɗaya, tsakiyar hanyar tana kusa da tudun Sahara. Wannan ne dalilin da za ka ga lambobin Sifen da Italiya suna cika allo alhali na Suwidin da Norway sun ɓace. Sao Paulo a digiri 237 da Johannesburg a digiri 145 ba su kusanci aurora ko kaɗan ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: ranar guguwa eriya kudu da kudu maso yamma take kallo.

Ba sai da eriya mai juyawa ba. Daiful, wato waya biyu da ake ciyarwa a tsakiya, tana jefa ƙarfinta ne a gicciyen tsawonta. Tsawon duka a mita shi ne 143 a raba da megahaz: mita 10.07 don 14.2, mita 6.75 don 21.2, mita 5.03 don 28.4, mita 2.85 don 50.15. A yanke da rarar santimita 10, a rage kaɗan-kaɗan ana duba SWR, domin kwanon rufi da rodin bene suna sauya lissafi. Wadda aka shimfiɗa gabas zuwa yamma tana kallon Turai. Wadda aka shimfiɗa daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas tana kallon Barazil ta baya, Japan ta gaba. A ɗaga ta rabin tsawon zango sama da rufi, mita 5 don megahaz 28, in ba haka ba ƙarfin sama zai tafi a tsaye. A megahaz 50 wayar RG-58 tana cin kusan ninki biyu na abin da RG-213 ke ci, don haka in nisan ya wuce mita 15 a sayi mai kaurin. Iskar gishiri ta bakin teku tana cinye mahaɗin PL-259 cikin damina guda in ba a naɗe shi da tef mai manne kansa ba, kuma kowaks da ruwa ya shiga yakan nuna SWR mai kyau na ƙarya, domin asarar ce ke haɗiye abin da ya kamata ya dawo. Kafin a watsa a mita 6, mutum ya duba abin da lasisinsa ya ba shi izini.

Hanya mafi sauri ta sanin inda ya buɗe ita ce tashoshin alama na ƙungiyoyin 'yan rediyo NCDXF da IARU. Guda 18 ne, suna karɓa-karɓa a megahaz 14.100, 18.110, 21.150, 24.930 da 28.200, kowace daƙiƙa 10, zagaye ya cika cikin minti 3. Kowace tana aika lambarta sannan dogon sauti huɗu a wat 100, 10, 1 da 0.1, sai ka ƙirga nawa ka ji. Ga mai Legas, OH2B ta Finland da VE8AT ta Kanada su ne ma'aunin arewa, CS3B ta Madeira da 4X6TU ta Isra'ila na tsaka-tsaki, ZS6DN ta Afirka ta Kudu, 5Z4B ta Kenya da LU4AA ta Ajantina na kudu. Wasu sukan tsaya na wani lokaci don gyara, saboda haka rashin jin guda ɗaya ba hujja ba ce. Sai a bar FT8 tana saurare a 28.074 ko 50.313, agogon kwamfuta kada ya kauce da fiye da daƙiƙa ɗaya. In rawar magariba ta yi tsanani har layukan da ke allo suka yi kauri suka daina fassaruwa, a koma Mos a hankali ko SSB da gajeren zance: lambar kira, rahoto, JJ16, a maimaita sau biyu.

Wanda ke buƙatar hanyar da ba ta dogara da ayonosfiya ba yana da QO-100, na'urar 'yan rediyo da ke kan tauraron Es'hail-2 a digiri 25.9 gabas. Daga Legas yana sama da kimanin digiri 63, gabas da ɗan karkata kudu. Ana aikawa a megahaz 2,400, ana karɓa a 10,489.5 zuwa 10,490. Dish na talabijin mai santimita 90 da LNB na kasuwa sun isa saurare, siginar tana fitowa a wajen megahaz 739.5. Ruwan sama mai ƙarfi ya fi guguwar rana dame shi. Darasin ya fito fili a Satumba 2017, lokacin da walƙiyar X9.3 ta ranar 6 ga wata ta katse gajeren zangon masu aikin agaji a Karibiyan ana tsakiyar mahaukaciyar guguwar Irma.

Akan tambaya ko a cire eriya ranar guguwar rana don kada na'ura ta ƙone. Lantarkin da guguwa ke haifarwa a ƙasa yana taruwa ne a wayoyi masu tsawon ɗaruruwan kilomita, irin na manyan layukan wuta. Waya mai mita 20 ba ta tara abin kirki. Tsawar damina ce ke ƙona rediyo a Legas, ita ake cire wa kowaks a ajiye bakinsa nesa da tebur.

Zagayen rana na 25 ya fara a Disamba 2019, kuma a Oktoba 2024 NASA da NOAA suka sanar cewa ya kai ƙololuwarsa. A shekarun gangarowa manyan walƙiyoyi ba sa ƙarewa, sannan ramukan da ke buɗewa a saman rana suna hura iska mai gudu da ke dawowa duk kwana 27, lokacin da rana take ɗauka ta juyo mana da fuska ɗaya. Tabon rana da ya kawo guguwar Mayu 2024 ma ya sake leƙowa a ƙarshen watan da sabuwar lamba. A littafin rajista, kusa da kowane zance, a rubuta lokaci da agogon UTC, wato a cire awa ɗaya daga namu, da Kp, da sa'ar da Bz ya juya kudu, da ko sauti ya yi rawa. Ranar da zango ya rikice ko ya buɗe ba zato, a ƙirga kwana 27 gaba a sa alama a kalanda, a kunna rediyo tun ƙarfe 4 na yamma a 28.200.